Duwatsu Bakwai na Baba Sada

Shekara uku ke nan rabon Baba Sada da ya ga fuskar mutum sosai, kuma ban da matarsa Talatu babu wanda ya sani. Ita ma ba gaya mata ya yi ba. Ta gane ne wata rana da hantsi, da ya miƙa hannu zai ɗauki buta ya damƙo kazarta mai kwanci. Kaza ta yi ƙara, shi ya yi salati, Talatu kuwa ta ci gaba da tankaɗe kamar ba ta ga komai ba. Tun daga ranar ta daina sauya wa kowane abu wuri a gidan.

Ƙauyensu yana gindin Dutsen Kufai ne, a ƙasar Fagam. Iyayen Sada makiyaya ne, ciwon huhu ya cinye musu garke tun yana saurayi, suka zauna suka kama fartanya. Yana noman gero da gyaɗa kamar kowa, amma ba da noma aka san shi ba. Idan saniya ta ɓace a cikin duwatsu, Sada ake kira. Idan mai magani yana neman saiwar da ba ta fitowa a fadama, ko ma'aikatan gandun daji sun zo, ko wani ɗalibi ya zo tambayar tsohuwar hanyar da fatake suke bi da jakuna su nufi Gwaram har Birnin Kudu, sai a ce a kai shi wurin mai hanya. Sunan da ya bi shi ke nan. Ko 'yan acaɓa a bakin titi haka suke kiransa.

Yana da sanda mai ƙarfe a gindi, wani maƙeri a Gwaram ya ɗaura masa. Duk wanda ya taɓa hawa dutsen tare da shi ya san yakan tsaya a wasu wurare ya ƙwanƙwasa dutse da ita, ya karkata kai, sannan ya wuce. Idan an tambaye shi sai ya ce al'adar mutanen da ce, ba a shiga gidan wani babu sallama. Baƙi suna son wannan amsar, har wani ya taɓa rubuta ta a littafinsa. Ƙarya ce. Wasan yara ne da ya koya yana kiwon awaki, lokacin da ya lura cewa wasu duwatsun suna da murya in an buge su, kuma babu biyu da suka yi kama. Guda bakwai ya ware a kan hanyar, ya raɗa musu suna. Huɗu a hawa: Sallama, Ƙwarya, Tsohuwa mai tari, da Ganga. Uku a sauka ta ɗaya gefen: Bebe, wanda ba ya amsawa ko kaɗan, sai Kuge mai ƙara kamar ƙarfe, sai Ƙofa. Da yanar ido ta fara rufe masa gani, wasan nan ya zama idonsa. Haske da inuwa yake gani, sauran kuma ƙafa da kunne suke cike masa.

Abin da ya sa yake ɓoyewa yana zaune ne a ƙofar zaure, gida uku daga nasa. Yayansa ne, Iliyasu. Shi ma yana ce ta kama shi shekarun baya. Wani mai magani ya zo ranar kasuwa, ya zaunar da shi a gindin tsamiya, ya soka masa wani siririn ƙarfe a ido ya ture yanar. Iliyasu ya tashi yana ƙirga ganyen tsamiya yana kuka don murna. Kwana tara ya yi yana gani. A na goma idon ya kumbura, daga nan duhu. Sada ne ya riƙe masa kai a ranar, har yanzu yana jin yadda wuyan yayansa ya ƙage a tafin hannunsa.

Amma in za a faɗi gaskiya, ba ƙarfen ne ya fi ba shi tsoro ba, ba kuma duhun ba. Wata tambaya ce. Kullum da rana ta take, sai wata daga cikin matan gidan ta leƙo zaure, ta tsallake Iliyasu da ido, ta tambayi duk wanda yake kusa ko an ba shi abinci. Iliyasun da yake raba gardamar iyakar gona da kalma biyu, shi ake tambayar wani a kansa yana zaune. Sada yana da ɗa a Gwaram, Jafaru, ma'aikaci a sakatariya, ɗan fari, wanda ko sunansa ba ya faɗa don kunya, sai dai ya ce yaron nan na Gwaram. Jafaru ya daɗe da gyara ɗaki a gidansa, yana cewa Baba ya huta da hawan dutse haka nan. Ranar da ya ji labarin idon, ranar zai zo da mota. Sada ya san ɗakin. Yana da tabarma sabuwa da taga ɗaya mai kallon katanga.

Malama Na'ima ta zo ranar Talata, farkon damina. Tarihi take koyarwa a wata makarantar 'yan mata a Birnin Kudu. Ta riga ta kai ɗalibanta sun ga zanen shanun da ke jikin duwatsun garinsu, yanzu tana so ranar Asabar ta kawo ashirin da takwas daga cikinsu su ga kufan da mutane suka zauna a kan dutse zamanin hare-hare. Ta zo ne ta taka hanyar da ƙafarta tukuna, ta ga ko yara za su iya. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta ajiye goro da sabulu, ta ce kowa ya gaya mata in tana bayan mai hanya ko ido rufe za ta iya tafiya. Sada ya yi dariya fiye da yadda maganar ta kai.

Da ya shiga ɗaki ɗauko sanda, Talatu ta bi shi ta tsaya a bakin ƙofa.

"Malam, ashirin da takwas ta ce fa. 'Ya'yan mutane."

"Dutsen nan ya san ni tun ba ki san hanyar rijiya ba."

"Ya san ka," in ji ta. "Kazata ma ta san ka."

Ya fita yana gyara hula.

Hawan ya tafi daidai. Sallama ta amsa, Ƙwarya ta amsa. Na'ima tana biye da wayarta a hannu, tana ɗaukar maganarsa, tana sa alama a taswira duk inda hanya ta karkata. Ya nuna mata inda burtali ya rabu da hanyar fatake, da wurin da ake ɗaure jakuna a rage musu kaya kafin gangare, da itatuwan hano da suka tsaga dutse suka fito. Duk da baki da sanda yake nunawa, kuma bai yi kuskure ba, don abubuwan suna nan inda ya bar su. Ta ce masa ga rema can tana shan hantsi, ya ce ai ya gan ta tun ɗazu. A duk irin wannan ƙaryar yakan ji wani abu ya ɗan tsinke a ƙirjinsa, amma ya saba.

A saman dutsen ta tsaya tana kallon kufan. Ga ragowar ganuwa ta jeren duwatsu, ga da'irar gindin rumbuna, ga guraben niƙa sama da talatin a kan falale ɗaya, inda mata suka durƙusa shekara da shekaru har dutse ya lotsa. Ya gaya mata abin da kakarsa ta gaya masa, cewa in an hango ƙurar mahara sai a kora dabbobi sama a toshe mashiga, mata kuma su daina niƙa don kada a ji ƙara. Yara ma a kan cusa musu tsumma a baki. Na'ima ta sa hannunta a cikin gurbi ɗaya ta ce mutanen nan sun rayu cikin tsoro. Sada ya ce tsoro ai shi ya gina garin.

Yana cikin wannan magana ya ji iska ta juya. Ta taso daga gabas, da sanyi da ƙanshin ƙasa. Kafin su sha ruwa su miƙe, hadari ya rufe rana, inuwoyi suka ɓace gaba ɗaya. Dutse da sama da hanya suka zama abu ɗaya a idonsa, fari fat kamar kunun kanwa a ƙwarya. Ya ce su yi sauri su sauka ta hanyar mata, wadda ake bi ɗebo ruwa a da, ita ce mai sauƙi, ita ce kuma yaran za su bi.

Dokar hanyar mata ɗaya ce, kuma ya san ta kamar Fatiha. A Bebe a miƙe. A Kuge a karya hagu. Wanda ya miƙe a Kuge zai hau wani falale da ake kira Zamiya, mai sulɓi, yana gangarawa a hankali kamar ba komai, har ya ƙare a bakin kwazazzabon da ya fi tsawon kuka uku.

Na'ima tana ta tambayoyi, yana ta amsawa don kada ta ji rawar da ke cikin numfashinsa. Cikin surutun lissafin taku ya kwance masa. Sandarsa ta ci karo da wani dutse a dama. Ya ƙwanƙwasa. Dutsen ya ce ɗif, kamar an bugi buhun ƙasa.

Bebe ke nan, ya ce a ransa. Amma ƙafarsa tana taka tsakuwa masu kaifi, kuma a Bebe babu tsakuwa. Hancinsa ya jiyo warin ƙonanniyar taya. Ya san masu fasa dutse sun fara aiki a wannan gefen tun bayan sallah, ya san yadda suke yi, su tara tayoyi da itace a kan dutse su cinna wuta, in ya yi zafi su kwara ruwa ya tsage. Na'ima ma ta faɗa, ta ce Baba an ƙona wani abu a nan, dutsen duk ya yi baƙi ya dare gida biyu. Tambaya ɗaya ce za ta raba gardama. Abin da ya kamata ya ce mata shi ne, 'yata, akwai hanya a hagunki? Amma mai hanya ba ya tambayar baƙuwa hanya. In ya tambaya, za ta dube shi, kuma malamar makaranta ce, aikinta gane wanda bai san amsa ba. Ya sake bugun dutsen. Ɗif. Ya zaɓi ya yarda da kunnensa, don kunnensa ne kaɗai ba zai kai labari Gwaram ba.

Ya miƙe.

Taku ashirin, ƙasa ta ƙare, ya ji falale a ƙarƙashin takalminsa. Taku talatin, yatsunsa suka fara matsuwa a gaban takalmin. Ya buga sanda a gabansa, ƙarar ta tafi ba ta dawo ba. A hanyar mata akwai bango a dama da yake mayar da ƙara. Nan babu komai sai iska tana tasowa daga ƙasa tana ɗaga masa riga. Ɗigon farko ya faɗo masa a bayan hannu, mai nauyi, sai na biyu.

Ya tsaya cak. Ya san inda yake. Kuge ne ya buga, wuta ta kashe masa murya.

Abin da ya zo masa a wannan tsayuwar bai taɓa gaya wa kowa ba sai Talatu, bayan watanni. Ba addu'a ba ce. Tunani ne mai sanyi, a tsare, kamar wani ne yake raɗa masa: in ƙafarka ta zame a nan, za a ce ruwa ne. Za a ce mai hanya ya rasu a kan dutsensa. Babu ɗaki mai taga ɗaya, babu wanda zai tambayi wani ko an ba ka abinci. Ya ji daɗin tunanin na ƙiftawar ido, kuma a cikin ƙiftawar nan sam bai tuna akwai 'yar mutane a bayansa ba. Wannan mantuwar ce ta fi kwazazzabon firgita shi.

Sai ya ji takunta ta gefensa. Ta ɗauka ya tsaya hutawa ne, tana so ta leƙa ta ga inda hanya ta bi. Ya ji takalminta ya ja a kan jiƙaƙƙen dutse, ya ji faɗuwarta zaune, ya ji wayarta ta suɓuce tana ƙwal-ƙwal tana gangarawa, sannan shiru mai tsawo kafin wata 'yar ƙara can ƙasa.

"Malama, kada ki motsa. Kwanta da baya, ki buɗe hannuwa."

"Baba, ina hanyar?" Muryarta ta koma ta ƙaramar yarinya. "Ban ga hanya ba. Rami ne a gabana."

"Babu hanya a nan. Na ɓatar da mu." Sai ya ƙara da cewa, "Ba na gani, 'yata. Shekara uku ke nan."

Ruwan ya ƙaru. Ya cire takalmansa ya jefar, ya zauna, ya ce ita ma ta cire nata da ƙafa, kada ta tashi. Ya miƙa sandar wajen da yake jin numfashinta, yana lalube, har ya ji ta kama ƙarfen. Ya ce ta gaya masa abin da take gani a hagunta, komai ƙanƙantarsa. Ta ce akwai wata tsaga a jikin falalen, da ciyawa a ciki. Ya tambaye ta ko tsagar ta haura har wurin wani ɗan baure. Ta ce e. Ya san tsagar, akuyarsa ta taɓa maƙalewa a nan shekara hamsin da suka wuce. Ya ce nan za su bi, da zama, da baya, dunduniya a cikin tsagar.

Tafiyar da suka yi a taku talatin ta ci musu abin da ya fi tsawon sallar Juma'a da huɗubarta. Ruwa yana bin falalen yana shiga musu riga. Sau biyu dunduniyarta ta kuɓuce, nauyinta ya dawo kan sandar, ya ji kafaɗarsa kamar za ta fita. Tana cewa hannu ɗaya zuwa dama, Baba, akwai tudu, shi kuma yana cewa bayan tudun za ki ga wani gurbi, sa ƙafa a ciki. Ita ke da ido, shi ke da dutsen a ka, kuma kowannensu yana jin haƙoran ɗayan suna haɗuwa. Tsawa ta faɗi kusa har warinta ya iso su. Da bayansa ya taɓa gindin bauren, sai ya rungume shi kamar mutum.

Suka fake a ƙarƙashin ɓarin Kuge, cikin toka da wayoyin taya. Da Na'ima ta yi magana, ba ta ɗaga murya ba.

"Ranar Asabar da nan za ka bi da su?"

Ya so ya ce da ya gane, da ya ƙirga taku da kyau, da rana za ta fito. Ya ce, "Da nan zan bi."

Ya roƙe ta ta rufa masa asiri. Ya ce zai ƙirƙiro ciwon ƙafa ranar Asabar, ta nemi wani. Ta ce ba za ta kai maganarsa ko'ina ba, ba tarbiyyarta ba ce ta tona tsoho. Amma wata Asabar ɗin fa, da wani baƙon, wa zai gaya masa? Ta ce gwaggonta an yi mata aikin yana a asibiti a Birnin Kudu, yanzu da kanta take zura zare a allura. Sada ya ce mutumin gindin tsamiya ma haka ya ce da yayansa. Ta ce wannan daban, wancan daban. Ya ce duk ƙarfe ne a ido. Daga nan suka jira har ruwa ya tsagaita.

Ita ta shiga gaba a saukar, riƙe da gindin sandar, shi riƙe da kan sandar, ƙafafunsu babu takalmi. Da suka iso Ƙofa, dutse na ƙarshe, ta tsaya. Daga nan ana jiyo muryoyi, mutanen ƙauye sun taru a bakin gonaki, don an ga hadarin ya same su a sama. Ta ce masa daga nan hanya shimfiɗaɗɗiya ce, bari ta saki sandar ta koma bayansa, su shiga yadda suka fita.

Sada ya ɗaga sandar ya ƙwanƙwasa Ƙofa. Ta amsa masa da muryarta ta kullum, tas. Ya tsaya yana saurare har ƙarar ta mutu. Ya tarar bai yarda da ita ba. Ƙafarsa ta ƙi ɗaguwa.

"Riƙe, Malama," ya ce. "Kada ki saki."

Haka suka ratsa gonaki, mace a gaba, mai hanya a baya, sanda a tsakani. Surutun mutane ya ɗauke kamar an rufe tukunya. Wasu daga baya sun ce jarumta ce, mutum ya tona kansa a gaban garinsu. Talatu ta ce su daina yi masa kirari, tsoro ne, kuma ta gode wa Allah da ya aiko shi. Da suka zo wucewa ta ƙofar zauren Iliyasu, makahon ya ɗaga kai. Ya ji taku biyu babu ƙarar sanda a ƙasa. Ya ce, "Sada, kai ake ja?" Sada ya ce shi ne. Iliyasu ya ɗan matsa gefe a kan tabarmarsa, ya bar wuri. Sada bai zauna ba.

Tafiyar 'yan makaranta an ɗaga ta zuwa bayan damina. Jafaru ya zo da mota washegari, kamar yadda uban ya sani. Sai dai Sada ya ƙi sauka a Gwaram. Ya ce in dai za a rufe shi a ɗaki, to a fara kai shi wurin masu ƙarfen, ya ga iyakar abin.

Ranar Alhamis yana zaune a kan benci a layin masu ciwon ido a Birnin Kudu, tsakanin wata tsohuwa mai tari da wani mutum da ke ta ba da labarin yadda aka yi wa surukinsa. Wuyansa ya ƙage tun ba a taɓa shi ba. Ya ɗaga sandarsa a hankali ya ƙwanƙwasa daɓen siminti, ya karkata kai. Simintin bai ce komai ba. Wata ma'aikaciya ta leƙo da kati a hannu, ta tsallake shi da ido, ta tambayi Jafaru ko Baba ya ci abinci da safe.

"Ga ni nan zaune," in ji Sada. "Ni za ki tambaya. Ban ci ba."

Ta ce to ya taso, shi ne na gaba. Ya miƙe, ya miƙa wa yaron nan na Gwaram sandar ya riƙe masa.